Kafson "Wanke Jiki" da Maganin Ceton Hanta

Lacca ga ma'aikatan lafiya, masu kemis, ɗalibai da manoman Bakalori, a Talata Mafara



Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu masu riƙe da sarautu, malamaina, ma'aikatan lafiya, 'yan'uwa masu kemis, ɗalibai, da iyayenmu mata da ke zaune ta wancan ɓangare, ina yi wa kowa barka da zuwa. Waɗanda suka yi sammako daga Bakura da Maradun, sannunku da hanya, Allah ya mayar da ku gida lafiya.

An nemi in yi magana a kan wani magani da ya fara yawo a hannun mutanenmu, galibi ta hanyar waya. A farar roba ake sayar da shi, an rubuta haruffa uku a jikinta: NAC. Masu tallarsa a Facebook da WhatsApp da TikTok suna cewa yana wanke hanta, yana wanke huhu, yana fitar da guba, yana gyara fata, har tsufa ma yana jinkirtawa. Cikakken sunansa asitilsistin. Mu da muka yi aikin asibiti mun san shi tun kafin ya samu roba mai ado, a matsayin ruwan allura da ake ajiyewa saboda gaggawa. Magani ne na gaske, ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa. Sai dai aikin da ya yi fice a kansa guda ne, kuma yana da lokacinsa. Yawancin sauran abubuwan da ake jingina masa an kai su gaban gwaji, sun kasa.

Mu fara da abin da ke faruwa a cikin jiki. Abincin da muke kira mai gina jiki, wato nama, kifi, ƙwai, nono, wake da gyaɗa, idan ya isa hanji yakan narke ya koma ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid. Ɗaya daga cikinsu shi ne sistin, wanda ke ɗauke da farar wuta a jikinsa. Hanta takan ɗauki sistin ta haɗa shi da wasu biyu, gilaisin da gulutamet, ta ƙera wani sinadari mai suna gulutatayon. Wani masani a jami'ar Kambirij ta Ingila, Frederick Gowland Hopkins, shi ya raɗa masa wannan suna a 1921.

Mene ne aikinsa? Kowa a nan ya san halin da galma ke shiga in an bar ta a waje damina ta wuce a kanta. Iskar da muke shaƙa tana yi wa ƙwayoyin jikinmu irin wannan tsatsa a hankali, haka ma hayaƙi da zazzaɓi da wasu magunguna. Gulutatayon ne ke tsayawa gaba ya karɓi ɓarnar. Daga cikin sinadarai ukun da ake ƙera shi da su, sistin ne ke fara ƙarewa, shi ya sa masu harhaɗa magani suka yi masa 'yar kwaskwarima don ya jure ajiya, suka samar da asitilsistin. In ka ba mutum shi, ka ba hantarsa kayan aiki ke nan.

To a nan ɗan talla yake tsayawa, ya ce tunda gulutatayon kariya ne, ƙara shi ƙarin lafiya ne. Maganar tana da daɗin ji. Amma jikin mai lafiya da ke cin abinci yana ƙera iya abin da yake bukata ne, in ya isa ya dakata. Kuma ita wannan "tsatsa" ba dukanta ce sharri ba: da ita sojojin jini suke ƙone ƙwayoyin cuta. Tambayar da ta dace ita ce, yaushe ne gulutatayon ke ƙarewa har a bukaci agaji daga waje?

Amsa mafi ƙarfi tana cikin aljihun kusan kowa a ɗakin nan: farasitamol.

Kada kowa ya tashi daga nan ya ce na hana shan farasitamol. Yana cikin magunguna mafi aminci idan an sha shi bisa ƙa'ida, har ga mai juna biyu da jariri. Ƙa'idar babban mutum ita ce ƙwaya 2 a lokaci guda, a bar aƙalla awa 4 zuwa 6 tsakani, kuma kada a wuce ƙwaya 8 masu nauyin miligiram 500 a cikin awa 24, wato giram 4. Hanta takan sarrafa mafi yawansa ya fita ta fitsari salin-alin. Ɗan kaɗan ne ke rikiɗa ya zama guba mai cin ƙwayoyin hanta, kuma gulutatayon kan kama wannan ɗan kaɗan nan take. Idan aka yawaita maganin, gubar ta fi mai tsaron yawa, sai ta auka wa hantar kanta.

Mutanenmu ba kasafai suke wuce ƙa'ida da gangan ba. Ku tsaya bakin kowane kemis da magariba a lokacin girbin shinkafa ku gani. Mutum ya yini a duƙe cikin fadama, ya zo yana dafe da ƙugu, ya ce wa yaron shago, "Haɗo mani na ciwon jiki, mai ƙarhi." Yaro ya ɗauki almakashi ya yanko farasitamol biyu, ya yanko wata ƙwaya mai launi ta ciwon gaɓoɓi, ya ƙara kafso ɗaya na gajiya, in ya ji mutumin yana jan hanci ya jefa maganin mura, ya ƙulle a farar leda. Sau da yawa uku ko duka huɗun nan kowanne da farasitamol a cikinsa, suna ne kawai ya bambanta. Mutumin ya sha da dare, ya sha da asuba kafin ya tafi ban-ruwa, ya sha da rana, ya maimaita kwana uku ko huɗu, ga shi cikinsa babu abin kirki sai koko. Yunwa kuwa tana rage gulutatayon, haka ma giya da wasu magunguna irin na farfaɗiya da na tarin fuka suna ƙara wa hanta nauyi. Ta ɓangaren yara, uwa ta ba da ruwan farasitamol, zazzaɓi bai sauka ba, bayan awa ɗaya kaka ta ƙara, maƙwabciya ta kawo tata kwalbar mai wani suna. Kowa da kyakkyawar niyya.

Mugun halin wannan guba shi ne shiru. Ranar farko ba a ganin komai sai ɗan tashin zuciya, wani ma ko wannan babu. Rana ta biyu sai ciwo ya taso ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Rana ta uku ko ta huɗu ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja, mutum ya fara sambatu, jini ya ƙi tsayawa a inda aka yi masa allura. A gida sai a ce shawara ce, a jiƙa rawaya a ba shi. Kafin a yanke shawarar neman mota, hanta ta riga ta tafi.

A Sikotilan aka fara ba da rahoton mutuwar hanta ta wannan hanya, a 1966. A 1973 masu bincike a Amurka suka gano cewa ƙarewar gulutatayon ce silar ɓarnar. Sai a 1977 wani likita a birnin Edinbura, Laurie Prescott, tare da abokan aikinsa, suka nuna cewa in aka sa wa mai wannan matsala asitilsistin ta jijiya, hanta tana tsira. Tun daga lokacin ya zama magani na farko a duniya ga wannan guba, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ana ba da shi ta ƙarin ruwa na kimanin awa 21, gwargwadon nauyin mutum, ko kuma a sha ta baki na kwana uku. Sharaɗinsa lokaci ne. Wanda aka fara wa cikin awa 8 da shan ƙwayoyin, da wuya hantarsa ta taɓu. Bayan haka amfaninsa na raguwa awa bayan awa, ko da yake likita ba ya fasa bayarwa don an makara, domin ko a makare yana rage mutuwa.

Ɗalibai su lura: adadin da ake zuba wa babban mutum a wannan yanayi yakan kai giram 20, alhali kafson kasuwa yawanci miligiram 600 ne, kuma ɗan kaɗan daga cikinsa ne ke isa jini in an haɗiye shi. Wanda ya ce zai yi maganin gubar farasitamol a gida da robar da ya saya ta waya, yaudarar kansa yake yi.

Aikinsa na biyu ya girmi na farko. Tun shekarun 1960 ake amfani da shi wajen tsinka majina mai kauri, domin farar wutar da ke jikinsa tana kwance ɗaurin da ke sa kaki ya yi danƙo. Masu tsohon ciwon huhu, irin na daɗewa cikin hayaƙin taba ko na itace, wasunsu kan samu sauƙi. Wani gwaji da aka yi a ƙasar Sin a kan mutum sama da 1,000, aka buga sakamakonsa a 2014, ya nuna cewa miligiram 600 sau biyu a rana na tsawon shekara ya rage yawan tashin ciwon da kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Wani gwajin da aka yi a Turai kafin nan, da rabin wannan adadi, bai ga an samu canji a ƙarfin huhu ba. Saboda haka amfani ne matsakaici, ga mutanen da likita ya tantance. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa, gwajin tarin fuka yake bukata, kuma kyauta ake yin sa a asibitin gwamnati.

Daga nan sai jerin wuraren da aka sa rai aka sha ƙasa. An yi shekaru ana ba da shi don kare ƙoda kafin wani nau'in hoton asibiti. Manyan gwaje-gwaje na 2011 da 2018 suka nuna ba ya kare komai. An gwada shi a kan manya masu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a Asiya, sakamakon da aka buga a 2009 bai nuna wani amfani ba. Wani darasin ma ya fi wannan ɗaci, ko da yake da wani sinadarin hana tsatsa aka yi shi, ba wannan ba: a Finlan an ba maza masu shan taba sama da 29,000 ko dai sinadarin da ke sa karas ja ko wani abin daban, da fatan hana ciwon dajin huhu. Da sakamako ya fito a 1994, waɗanda suka sha shi sun fi kamuwa da kashi 18 cikin 100. Hankali ya ce zai yi amfani, gwaji ya ce a'a.

Akwai wani gwajin da ya fi kusa da mu, kuma ina so in ɗan daɗe a kansa, domin ya shafi yaran da muke gani kullum a sashen tamowa na nan Mafara, inda Likitoci Na-gari Na-kowa suke taimakawa. Kun san tamowa iri biyu ce: akwai mai ƙanjamewa, akwai mai kumburi, wadda ƙafa ke kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata ta riƙa saɓulewa. A shekarun 1980 wani likita mai aiki a Jamaika, Michael Golden, ya lura cewa yara masu kumburin nan gulutatayon ɗinsu a ƙasa yake ƙwarai, ya kawo ra'ayin cewa tsatsar jiki ce ke haddasa kumburin. A 2002, a can Jamaikan, aka ƙara wa wasu yara ƙalilan da ke kwance a asibiti asitilsistin a kan abincin jinyarsu, kumburinsu ya saɓe cikin kimanin kwana 9, na sauran kuwa sai da ya kai 14. Abin ya ba da ƙwarin gwiwa. Sai aka ce, to me zai hana a ba yaran ƙauye tun kafin su kamu?

Aka je Malawi, aka ɗauki yara 2,372 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu. Rabinsu aka riƙa ba su garin da ya ƙunshi asitilsistin da wasu sinadaran hana tsatsa uku kullum har mako 20, rabi kuma aka ba su gari maras magani. Da aka buga sakamako a 2005, yara 39 ne suka kumbura cikin masu shan maganin, 23 cikin waɗanda ba su sha ba. Bai hana komai ba. Yaron da tuwon masara kaɗai yake ci, garin magani ba ya cike masa gurbin ƙwai da nono da wake. Abin da ke ta da yaranmu a yau shi ne madarar jinya da kuma maɗin gyaɗar nan na leda, wato abinci.

Maganar "fitar da guba" kuwa, babu jihar da ta fi mu sanin ma'anarta. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, saboda ana daka duwatsun zinariya ana niƙa su a cikin gida, ƙurar na sauka a ƙasar da yara ke rarrafe. Maganin da aka yi amfani da shi sunansa DMSA. Shi ma yana da farar wuta, amma shi aikinsa shi ne ya kama dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, kuma ana ba da shi ne bayan awon jini, ana bibiya. Duk da haka likitoci ba su yarda su fara ba wa yaran garin Bagega shi ba sai da aka kankare gurɓatacciyar ƙasar garin aka zuba sabuwa a 2013, domin yaron da aka yi wa magani ya koma kan ƙurar nan, aikin banza aka yi. Yanzu da aka ɗage haramcin haƙar ma'adinai a ƙarshen 2024, maganar za ta dawo. Duk wanda ya zo wa mahaƙa da roba ya ce tana wanke dalma, ku tambaye shi a wane asibiti aka auna jinin wanda ya sha. Kariyar ita ce kada dutse ya shigo gida, a niƙa shi da ruwa nesa da gari, a yi wanka a sauya tufa kafin a ɗauki yaro.

Iyayenmu mata, ku yi mini haƙuri, akwai wadda ta shafi ɓangarenku, ko da yake samari ma yanzu ba a bar su a baya ba. Gulutatayon ɗin nan shi ne ake sayarwa a matsayin ƙwaya da allura da ƙarin ruwa na hasken fata, musamman ga amare, domin yana rage aikin sinadarin da ke ba fata launinta. Abin da yake yi kaɗan ne, kuma yana gushewa in an daina. Hukumar magunguna ta Filifin ta yi gargaɗi tun 2011 cewa allurarsa na iya jawo saɓulewar fata mai kisa da matsalar ƙoda. A 2018 hukumar Gana ta gargaɗi masu ciki da ke shan ƙwayar don jariri ya fito fari, abin da ba ya faruwa. A 2023 NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar gaggawa ta lafiyar al'umma. Ni abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wurin da ake yin allurar: ɗakin gyaran amarya, hannun wadda ba ta taɓa koyon neman jijiya ba, da ruwan da ba a san inda aka haɗa shi ba.

Shi kansa asitilsistin yana da nasa laifin. Warinsa na ruɓaɓɓen ƙwai ne, yana sa tashin zuciya da gudawa. Mai asma yana iya shaƙewa da shi. Mai shan maganin ciwon zuciya irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe, in ya haɗa su jininsa na iya faɗuwa. Ta jijiya kuwa yakan sa wasu ƙaiƙayi da kumburi da sarƙewar numfashi, shi ya sa dole ma'aikaci ya tsaya a kai, musamman a awar farko.

Mai lafiya da ke son hantarsa ta wadata da sistin, kasuwar Talata ta ishe shi. Tun da aka kammala madatsar Bakalori a 1978 muke da kifi a kusa. Ƙwai yana da shi sosai, na kaza ko na zabo. Riɗi yana da metiyonin, wanda jiki ke juyawa ya zama sistin. Gero da dawa suna da nasu gwargwado, amma sun gaza a wani amino asid ɗin da wake ke da shi a wadace, shi kuma wake ya gaza a masu farar wuta, don haka haɗa su a kwano ɗaya ya fi cin kowanne shi kaɗai. Fura da nono, hoce da ƙuli, kwaɗon zogale, awara ga yara: kakanninmu ba su san sunan sistin ba, amma haɗin nasu daidai yake. Na san tsadar rayuwa da rashin tsaro sun raba mutane da dama da gonakinsu da shanunsu. Wannan ma ƙarin dalili ne: kuɗin roba ɗaya ta kafson waje zai sayi ƙwai masu yawa.

Saura roƙo. 'Yan'uwa masu kemis, ku ne asibitin farko na yawancin mutanenmu, kuma ba na raina wannan matsayi. Ku koya wa yaran shagonku karanta bayan kwali. In sunan farasitamol ya fito a magani biyu, ɗaya ya isa. A Ingila tun 1998 doka ta taƙaita yawan ƙwayoyin da ake sayarwa a kwali guda a kantuna zuwa 16; mu ba mu da bukatar jiran doka kafin mu tambayi mai saye abin da ya riga ya sha yau.

Shugabannin asibitocinmu na Mafara da Bakura da Maradun, da wakilan ƙananan hukumomi da ke nan, ina roƙon a sa ruwan allurar asitilsistin cikin kayan gaggawa na dindindin, tare da takardar awon adadinsa manne a bango. Ba kowane asibiti ke da na'urar auna farasitamol a jini ba, kuma ba a jiran ta: in labarin abin da aka sha ya nuna haɗari, likita na iya farawa. Ku lissafa da kanku. Mutum ya sha da magariba a wani ƙauye bayan Maradun, hanya ba ta biyuwa da dare, sai gari ya waye a fito. Ya iso nan, a ce sai Gusau ko asibitin koyarwa na Sakkwato. Awa takwas ta daɗe da wucewa. In maganin yana nan, a nan za a ɗaura masa, ko da daga baya za a tura shi gaba.

Ga sauran jama'a, in yaro ya samu kwalba ya shanye, ko wani ya haɗiyi ƙwayoyi da yawa, bisa kuskure ko don ƙuncin rai, kada a jira alama, kada a tsaya ba shi manja ko madara, kada kuma kunya ta sa a ɓoye. A kawo shi a daren ko da asubar farko, a riƙo kwalin ko ledar maganin, a kuma faɗa wa ma'aikaci ƙarfe nawa aka sha, domin da wannan lokacin zai yi lissafi.

Shugaba, na ga hannuwa sun fara tashi ta ɓangaren masu kemis. Bismillah, a fara tambayoyi.